Me ya sa ƙiba ke dawowa bayan an bar shinkafa da gurasa?

Rijim ɗin rage sitaci, wato tsarin rage ƙiba ta hanyar yanke abinci irin su shinkafa da gurasa, ya samu karɓuwa a tsakanin mutanenmu na Makka, Jidda da Madina, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: yana nuna aiki da wuri. A makon farko sikeli ya sauka da kilo biyu ko uku, wata uku a gaba jallabiya ta yi yawa. Wajen wata na shida sai saukar ta tsaya cak, kafin azumi ya zagayo sau biyu mafi yawan abin da aka zubar ya dawo. Akasarin masu yin rijim sun tsara yadda za su rage, amma ba su tsara yadda za su ci abinci bayan sun rage ba, a nan kuwa gizo ke saƙa.

Sai an fara bambance ruwa da kitse. Jiki na ajiye sukari a hanta da tsoka, kimanin giram 400 zuwa 500, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da an yanke sitaci wannan ajiya ta ƙare, ruwan ya bi fitsari, ƙoda ma ta ƙara zubar da gishiri. Saukar makon farko ke nan, galibinta ruwa ce. Haka kuma idan mutum ya ci mandi, shinkafa da nama irin ta Larabawa, a ɗaurin aure daren Alhamis, ya hau sikeli ranar Asabar ya ga ƙarin kilo ɗaya da rabi, ruwan ne ya koma mazauninsa. Kafin a tara kilo ɗaya na kitse sai an ci rarar kalori kusan 7,700, wanda faranti ɗaya ba zai kawo ba. Ɓarnar tana zuwa ne daga karayar zuciya, mutum ya ce ai rijim ya riga ya lalace, ya saki baki har ƙarshen wata.

Dawowar kitse ta gaskiya a hankali take zuwa, kuma yunwa ce ke jan ta. A 2011 masu bincike a Melbourne ta Ostareliya suka bibiyi mutum 50 da suka yi rijim mai tsanani na mako 10. Shekara guda bayan haka, sinadarin da ke tayar da yunwa bai koma daidai ba, yana sama, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiyar kitse kuma yana ƙasa. A 2016 Kevin Hall da abokan aikinsa a Amurka suka ƙiyasta cewa kowane kilo da aka zubar yana ƙara sha'awar abinci da kusan kalori 100 a rana, yayin da abin da jiki ke ƙonawa ke raguwa da 20 zuwa 30. Wato wanda ya sauke kilo 10, jikinsa na tura shi ga ƙarin abinci mai yawa kullum, ba tare da ya ankara ba. Loma ce ke ƙaruwa, cokali ne ke cika. Shi ya sa mutum zai rantse bai sauya komai ba, kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba.

Barin sitaci bai kuɓutar da kowa daga wannan ba. A binciken Jami'ar Stanford da aka buga a 2018, an raba mutum 609 gida biyu na tsawon shekara. Masu rage sitaci sun sauke kusan kilo 6, masu rage mai kilo 5.3, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Abin lura shi ne masu rage sitacin sun fara da giram 20 a rana, amma a ƙarshen shekara suna cin kusan 130. Mutane ƙalilan ne ke iya zama a kan kito, wato rijim ɗin yanke sitaci kusan gaba ɗaya, shekara da shekaru, balle a gidan da ake girka shinkafar kabsa da rana, a sayo gurasar tamis da waken ful da safe.

Tunda sitacin zai dawo ko an so ko ba a so, gara a dawo da shi da lissafi. Wanda yake kan giram 30 zuwa 50 a rana ya ƙara giram 15 zuwa 20, ya tsaya a nan mako biyu yana duba sikeli. Ƙarin kilo ɗaya a kwanakin farko ruwa ne, a ƙyale shi. Idan nauyi ya daidaita sai a sake ƙarawa, idan ya ci gaba da hawa mako uku a jere sai a koma matakin baya, nan ne iyakar jikinsa. Mutane da yawa kan sami wurin zama tsakanin giram 80 zuwa 130. Abin da za a fara dawowa da shi ma yana da tsari: ful, adas da wake, sai laban da zabadi, wato nono da kindirmo, marasa sukari, sai 'ya'yan itace a ci su ba a matse ba, shinkafa da tuwo da gurasa su zo daga ƙarshe.

Ba a iya wannan lissafi sai an san adadi. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da sitaci kusan giram 45, abin da mutum ke ja gabansa a tiren kabsa kuwa yakan kai kofi biyu ko uku. Malmalar tuwo matsakaiciya, irin ta gidajen abinci na Shara Mansur a Makka, ba ta gaza kofin shinkafa ba. Rabin kofin ful kusan giram 15 ne. Dabino uku matsakaita giram 15 zuwa 20, wanda ba laifi, sai dai a zaman gahawa ba a tsayawa a uku. Gwangwanin lemo na mililita 330 yana da sukari kusan giram 35. Shayi ne ya fi yaudara: cokali uku a kofi, kofi huɗu a wuni, giram 48 ke nan, daidai da kofin shinkafa, kuma ba ya ƙosarwa ko kaɗan. A ganina sukarin da ake sha shi ne abu ɗaya da bai kamata ya dawo ba sam. A 2017 Saudiyya ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon kwalba, kuma tun 2019 ake tilasta wa gidajen abinci rubuta kalori a jerin abincinsu. A riƙa karanta lambar kafin a yi oda.

Kuskuren da ya fi dawo da ƙiba shi ne haɗa ɗabi'u biyu. A lokacin kito mutum ya saba da zuba samin, wato man shanu, da man zaitun, cin cuku, gishɗa, fatar kaza da gyaɗa ba awo. Sai shinkafa ta dawo, man bai ragu ba. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, cikin tafin hannu na gyaɗa ko lauz kusan 170. Duk matakin da aka ƙara sitaci, a rage cokalin mai ɗaya. Tsire, wanda Larabawan Hijaz suka karɓa suke kira siriya, nama ne mai kyau, amma ƙuli da man da ake shafa masa suna da nasu lissafin.

Cin abinci a tire ɗaya al'adarmu ce, ba kuma za a bar ta don rijim ba. Dabarar ita ce a fara da nama da salak, a ware shinkafa gwargwadon dunƙulen hannu a gefe tun kafin a fara, idan ta ƙare a tsame hannu. Azumi ya fi wuya. Shurba, sambusa, lukaimat da Vimto a lokaci ɗaya, ga cin dare har sahur, ga ƙarancin barci, wanda shi kansa yana ƙara yunwa. Dabino uku da ruwa, a yi sallah, a dawo a ci nama ko kifi da ganye, a zaɓi abu ɗaya daga kayan suya. Sahur ya zama ƙwai, ful da zabadi. Wanda ya fita Ramadan da Sallah da nauyin da ya shiga da shi ya yi ƙoƙari, ba sai ya rage ba.

Furotin na rage yunwa yana kuma kare tsoka. Ana so giram 1.2 zuwa 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki, wato mai kilo 80 ya nemi kusan 100 zuwa 125 a rana, a rarraba a kan abinci uku. Ƙwai ɗaya giram 6, giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza kusan 30. Mai ciwon ƙoda ban da shi, sai abin da likita ya yanke masa. Motsa jiki ba ya rage ƙiba sosai, amma wajen hana ta dawowa yana da tasiri. Rajistar da Rena Wing da James Hill suka kafa a Amurka a 1994, ta mutanen da suka sauke aƙalla kilo 13.6 suka riƙe shekara guda, ta nuna galibinsu suna motsa jiki kusan awa ɗaya a rana, suna kuma hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako. Zafin nan ba ya barin tafiya da rana, sai bayan Asuba ko Isha'i, a Kornish ko cikin manyan kantuna masu sanyi. Kowa a nan ya san nisan Safa da Marwa sau bakwai, kusan kilomita 3. A yi kwatankwacinsa kullum, a ƙara da ɗaga nauyi sau biyu a mako.

Sikeli kuma a hau shi sau biyu ko uku a mako, da safe bayan an zaga, kafin karin kumallo, a ɗauki matsakaici. Mata su san cewa gab da al'ada ruwa kan ƙara kilo ɗaya ko fiye. A sa iyaka: da zarar matsakaicin ya haura kilo 2 a kan nauyin da aka tsaya, kuma ya zauna mako biyu, a koma matakin sitaci na baya nan take, a rubuta duk abin da aka ci na mako guda. Kilo 2 ana gyara shi a wata ɗaya, kilo 10 sai an sake sabon lale.

Masu ciwon sukari suna da yawa a cikinmu, su kuma hawa da saukar sitaci ba abin wasa ba ne. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar gliclazide sukarinsa na iya faɗuwa idan ya yanke sitaci, ya kuma yi tashin gwauron zabi idan ya dawo da shi bayan an rage masa magani. Mai shan maganin sukari na Jardiance ko Forxiga kada ya shiga kito ba da sanin likita ba, domin jini na iya yin tsami mai haɗari ko da na'ura na nuna sukari daidai. Maganin hawan jini ma yakan buƙaci gyara idan nauyi ya sauya. A riƙa auna kitsen jini duk wata shida zuwa shekara, domin wasu mummunan kolestarol ɗinsu na hawa sosai idan suka dogara da samin da kitsen rago. Irin waɗannan su koma man zaitun da kifi, su sake awo bayan wata uku.