Hannuna yana jiran sa hannu

Wata biyar ke nan da na faɗi daga kan babur a hanyata ta zuwa wurin aiki daga unguwar Zariya a Maraɗi, lokacin da yashi ya kwashe tayar gaba, na tokare ƙasa da tafin hannun dama. Wuyan hannun ya ɗan kumbura, amma yatsu suna motsi, saboda haka na ɗauka targaɗe ne. Da yamma Inna ta sa aka kai ni wurin maɗori, ya ja, ya shafa magani, ya ɗaure. Ban ga laifinsa ba, domin ko hoton farko da aka ɗauka a asibiti bai nuna karaya ba.

Ciwon bai tafi ba. Ya zauna a gindin babban yatsa, har ɗaukar buta ta alwala ta zama aiki. Da aka sake ɗaukar hoto a watan jiya, likitan ƙashi ya nuna mini cewa a wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8, kuma wanda ya karye mini, mai suna sikafoyid, yana daga cikin masu wuyar haɗuwa, saboda jini yana shigarsa ne daga ɓangare guda, idan ya tsage sai ɗayan ɓangaren ya rasa abin da zai ciyar da shi. Ya ce irin wannan karaya ta saba ɓuya a hoton farko. Tun da har yanzu ba ta haɗu ba, sai an yi tiyata, a ɗaure ƙashin da ƙusar ƙarfe, wataƙila kuma a ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugu a cike gurbin, sannan hannun ya yi makonni a ɗaure. "Malam," in ji shi, "idan ka bar shi haka, gaɓar za ta ci kanta a hankali, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa."

Ban ji tsoron wuƙa ba kamar yadda na ji tsoron takardar ƙiyasin kuɗin da aka miƙo mini, wadda ta haura albashina na wata uku, kuma mafi yawan kuɗin na ƙarfen ne da za a saya. A Nijar an ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani tun 2006, haka ma matan da ake yi wa tiyatar haihuwa, amma magidanci mai karyayyen hannu ba ya cikin wannan sahu. Abin da nake da shi shi ne inshorar lafiya ta wurin aiki, wadda muke kira asuransi, da yarjejeniyar cewa kamfani zai biya kashi 80 cikin 100, ni in biya sauran. Shekara biyu ana cirar kuɗinta daga albashina, ban taɓa karanta sharuɗɗanta ba, domin a kantin magani katin yana aiki ba tare da gardama ba.

Tiyata kuwa sai da takardar amincewa tun kafin a shiga ɗakin aiki, kuma a nan ne magana ta tsaya. Wakilin kamfanin ya karanta bayanin likita, ya ga an rubuta cewa na faɗi ne a hanyar zuwa aiki, sai ya ce wannan haɗarin aiki ne, ba nasu ba ne, na asusun CNSS ne, wato asusun ƙasa na kula da jin daɗin ma'aikata. Maganarsa tana da tushe, domin doka ta ɗauki haɗarin da ya sami ma'aikaci tsakanin gida da wurin aiki a matsayin haɗarin aiki, sai dai ana so mai ba da aiki ya kai rahoto cikin awa 48. Ni kuwa ranar ban gaya wa kowa ba, na karkaɗe rigata na shiga ofis, don kada a ce na cika raki. Yanzu ina neman wanda ya ga faɗuwar, bayan wata biyar, a titin da ɗaruruwan 'yan kabu-kabu suke bi kullum.

An tura takarduna Yamai, an ce in jira. Kawuna ya ce, "Ɗana, ka bar wahalar takarda, mu bi ta Ɗan Isa mu tafi asibitin ƙashi na Dala a Kano." Na san mutanen Maraɗi da yawa sun samu lafiya a can, amma katina ba ya aiki a ƙetare, kuma idan na biya da kaina kafin amsa ta zo, wakilin ya ƙi ya tabbatar mini cewa za a mayar mini da ko dala ɗaya.

Likita ya ba ni ranar Alhamis ta makon sama. Maiɗakina ta roƙi a ba ta kwasar adashinta kafin lokacinta, ni kuma na yi wa babur ɗin kuɗi, ko da yake ban sallama ba tukuna. Jiya na sake kiran wakilin, ya ce takardar tana kan teburin wanda zai sa hannu, shi kuma ya yi tafiya, sai Litinin.