Abin da intabiyu ta kyamara ta koya mini

Karo na farko da aka gayyace ni intabiyun aiki ta Zoom, kwana huɗu na yi ina shirya amsoshi. Na karanta tarihin kamfanin, na bi sanarwar aikin layi-layi, na rubuta misalan ayyukan da na taɓa yi. Kyamarar kuwa ban buɗe ta ba sai da ya rage minti biyar. Na zauna taga tana bayana, hasken rana na kwararowa. Ita kyamara da wurin da ya fi haske take daidaita kanta, sai fuskata ta koma inuwa. Matar da ke jagorantar masu tambayar ta roƙe ni cikin ladabi in ɗan canza wuri. Na ɗauki kwamfuta ina zagaye ɗaki, su uku suna kallon rufi, gabana na faɗuwa.

Tun daga ranar na gane cewa mutanen nan abin da na'ura ta kai musu shi suke gani, shi suke ji, kuma da shi za su yanke hukunci. Shiri na gaskiya shi ne in leƙa kaina daga ɓangarensu.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne jinkirin murya. Idan kuna zaune ɗaki ɗaya, kana ganin mutum ya ja numfashi ka san zai ci gaba da magana, kana ganin ya jingina ka san ya gama. Ta intanet waɗannan alamu suna isowa a makare, wasu ma ba sa isowa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na sakan guda, in ana son hira ta tafi daidai, kuma idan sabis ya yi rauni yakan zarce haka. Sau uku na katse mai tambaya a wannan ganawa ba da niyya ba. Ni a wurina ya riga ya yi shiru, shi a wurinsa bai kai ƙarshen jimla ba. Ya dame ni ƙwarai, domin na san yadda katse magana ke sa a ɗauki mutum mai gaggawa ko marar kunya. Yanzu idan aka gama tambaya nakan ƙirga ɗaya, biyu a zuci kafin in buɗe baki. Shirun yakan yi mini tsawo, amma da na saurari faifan gwajin da muka yi da wani abokina, sai na ji ya yi kama da na mai tunani kafin ya amsa.

Faifan nan ya tona mini wani abu kuma. Na kasance ina ajiye amsoshina a rubuce a gefen allo, ina zaton ba mai ganewa. Ashe ido yana bin layi daga hagu zuwa dama, murya kuma tana mutuwa, kowa ya ji ya san karatu ake yi. Na daina. Ƙaramar takarda nake liƙawa kusa da idon kyamara, kalma uku ko huɗu kawai, kowace tana tuna mini labarin aiki guda. Ta haka idona yana kan kyamara, su kuma suna jin kamar su nake kallo. Na ɗora kwamfutar a kan littattafai har ta zo daidai fuskata, na koma amfani da abin kunne mai waya saboda ba ya neman caji.

Batun lokaci ma ya kusa jawo mini asara. Amurka tana tura agogonta gaba a Lahadi ta biyu ta watan Maris, ƙasashen Tarayyar Turai sai Lahadin ƙarshe ta watan, wasu ƙasashe da yawa kuma ba sa taɓa nasu. A makonnin da ke tsakani lissafin da ka saba da shi yakan kuskure da awa guda. Duk wanda ya aiko mini da gayyata yanzu, nakan mayar da imel in rubuta lokacin a ma'aunin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya da ba a turawa gaba ko baya, in nemi ya tabbatar, in kuma tambayi lambar da zan kira idan hanya ta yanke.

A ganawar da na yi ta baya-bayan nan ta Microsoft Teams, hoton ya fara tsayawa ana tsakiyar tambaya ta huɗu. Na nemi izini na kashe kyamara, domin hoto ya fi murya cin intanet nesa ba kusa ba. Muryar ta dawo tangaran. Mutumin ya maimaita tambayar, na ƙirga biyu, na ba shi labarin da kalma ta uku a takardata ta tuna mini.