Duna ya dawo gida, mun gode

Alhamdulillahi Rabbil Alamin. Jama'a, a daina nema. Karenmu Duna da ya ɓace yana gida, yana kwance a gareji kusa da hita, ya ci ya sha, likitar dabbobi ta duba shi. Saƙon nan ya makara ne saboda barcin da na yi ta bin bashinsa, sai yau na biya. Duk wanda ya kira ban ɗaga ba ya yi mini afuwa.

Ba sai na maimaita yadda aka yi ba, kuna tare da mu tun ranar da ƙarar motar kwashe dusar ƙanƙara ta firgita shi ya zame igiya. Abin da wasu ba su sani ba, ko wata bai yi a hannunmu ba. Daga arewacin lardin Manitoba a nan Kanada masu ceton karnuka suka kwaso shi, irin garuruwan nan da sai ta jirgin sama ko hanyar ƙanƙara ta lokacin sanyi ake zuwa, inda babu likitan dabbobi a kusa, karnuka na ta haihuwa suna gararamba. Bai san titunan Winnipeg ba, sunan nasa ma bai gama riƙewa ba. Sai ga shi ya ɓace a makon da sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, in an haɗa da iska ya taɓa 40. A irin wannan yanayi hukuma kan yi gargaɗin cewa fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10. Ga rana da ke faɗuwa tun biyar ba ta yi ba. Ga Auta a bakin taga ya ƙi abinci. Kun san shi ba mai magana ba ne, kun kuma san don shi muka ɗauko karen nan.

Mutum ɗaya nake so in tsaya a kansa, ko da yake ba zai iya karanta wannan ba. Dattijon da ke gida na uku daga namu, Bature, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Shekara da shekaru tsakanina da shi ɗaga hannu ne kawai in mun haɗu wajen fitar da shara. Ranar da kyamarar masu taya mu nema ta hango Duna a gangaren kogin Red, ƙarƙashin gada, shi ya riga kowa isa. Da muka hango karen, ya rame, yana ɗaga ƙafa ɗaya, baban yara ya buɗe baki zai ƙwala masa kira, dattijon nan ya ɗora masa hannu a ƙirji ya girgiza kai. Daga baya ya yi mana bayani. Karen da ya kwana biyu a waje cikin firgici ba ya gane ko mai shi, in ka kira shi ko ka nufe shi sai ya arce. A wurin kuma hanya biyu ce, ko babban titi ko kan kogi, kuma ƙanƙarar gindin gada ba ta da kauri saboda ruwan da ke gudu a ƙasa.

Ya ce kowa ya koma mota. Ya karɓi safar Auta wadda ba a wanke ba, da ma ya sa na taho da ita ban san dalili ba, ya cusa a hannun rigarsa. Sai ya sauka gangaren a hankali, ya zauna daɓas a kan dusar ƙanƙara, ya ba karen gefe, ko kallonsa bai yi ba. Ya buɗe leda ya ciro gasasshiyar kaza, yana yagowa yana kaiwa baki, yana tanɗe leɓe da ƙarfi, can ya wurga tsoka ɗaya bayansa. Mutumin da ya haura saba'in! Ina mota ina kallon gemunsa da girarsa suna yin fari fat da numfashinsa, bakina ba abin da yake iya faɗa sai Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Duna ya matso ya ja da baya, ya matso ya ja da baya. Sau ɗaya ya juya ya fuskanci kogi, a nan kam na rufe ido, na ce shi ke nan, da wane baki zan gaya wa yaron nan. Da na buɗe, hancinsa na cikin hannun rigar dattijo yana shinshinar safa, igiya kuma ta riga ta shiga wuya. Da dattijo ya zo tashi ƙafafunsa suka ƙi, sai da baban yara da wani saurayi suka ɗago shi. Yana kafaɗarsu yana cewa a fara sa karen a mota.

Ya Allah Ka ba bawan nan naKa lafiya da nisan kwana, Ka haskaka zuciyarsa, Ka haɗa shi da mai tausaya masa ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Ka tsare masa zuri'arsa duk inda suke.

Na san Maman 'Yan Biyu za ta yi mini faɗa don na ambace ta, to sai dai ta yi. Kullum da magariba sai ga ta da fulas biyu na kunun gyaɗa, har Turawan da ke nema tare da mu suka fara tambaya ko mai farin shayin nan ta iso. Ƙannena ɗaliban Jami'ar Manitoba, 'yan Zariya da ɗan Damagaram ɗin nan mai dariya, ga jarabawa a gabanku amma kuka bi unguwa kuna manna takarda har yatsunku suka daina ji. Allah Ya ba ku sa'a, Ya sa iyayenku su ci moriyarku. Matan ƙungiyar masu neman ɓatattun karnuka da suka ara mana kyamara da kejin tarko ba ko sisi, da direban bas ɗin da ya kira lambar da ke jikin takarda da asuba, Allah Ya saka. Yaya Hajiya a Kaduna, awa 7 ne tsakaninmu, amma duk sanda na taɓa waya kina nan a farke da carbi. Allah Ya bar zumunci, Ya jiƙan mahaifanmu, Ya raba ku da ganin tashin hankalin 'ya'ya.

Malam ma na gode. Lokacin da maganganun mutane a kan karen suka yi mini yawa na kira shi ina kuka, ya tuna mini hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa, da faɗin Annabi (SAW) cewa akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Ya kuma faɗa mini yadda zan ware masa wurinsa da kwanonsa nesa da inda muke sallah. Ni ba fatawa na zo bayarwa ba, mai tambaya ya je wurin malaminsa. Sai dai na ga waɗanda suka karanta saƙona a zauren gida suka wuce, na ga wanda ya turo hoton dariya ya ce wai a kan kare. Wasu ma gari ɗaya muke, ko su leƙo su ga yaron. Ba komai, Allah Ya ba kowa uzuri.

Masu tambayar me ya sa ba a bi sawunsa ta na'urar da ke jikinsa ba, ita ba ta nuna inda dabba take. 'Yar aba ce kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, lamba kawai take ɗauke da ita, sai an kama shi an haska sannan a san mai shi. Likita ta ce sanyi ya ci gefen kunnensa ɗaya, gishirin da ake zubawa a titi kuma ya tsattsage masa tafin ƙafa. Ta hana murzawa, ta hana ruwan zafi, sai mai ɗumi-ɗumi, abinci kuma kaɗan-kaɗan har cikinsa ya saba. Don haka masu son kawo masa ƙashi a dakata tukuna.

Don Allah duk wanda ya ci karo da takardarmu a jikin sandar fitila ko tashar bas ya cire, har yanzu ana kira. Akwai kuma jar safar hannu da tocila da aka bari a bayan motarmu, mai su ya yi mini magana, baban yara zai kawo ranar Juma'a bayan masallaci.