Jinin da ke zuba a ɓoye bayan tiyatar ƙashin baya

Duk wanda aka ce za a yi wa tiyata a ƙashin baya, tsoro ɗaya ne ke fara zuwa masa da iyalinsa, wato kada a taɓa laka ya shanye. Tsoron yana da tushe, amma akwai wani haɗari da ba a cika ambatonsa a bakin gadon majiyyaci ba, kuma yana iya ɗaukar rai cikin 'yan sa'o'i: raunata manyan jijiyoyin jini da ke kwance a gaban ƙashin bayan, ta ɓangaren ciki. Abin ba ya yawan faruwa, domin rahotannin likitoci suna nuna bai wuce mutum 1 zuwa 5 cikin 10,000 da aka yi wa aikin ba. Na ga ya dace in yi rubutu a kansa ne saboda tsira daga gare shi ta dogara ga saurin ganewa, kuma mai jinya yana da rawar da zai taka a wannan ganewar.

Tsakanin kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai wani faifai na guringuntsi, gefensa mai tauri, tsakiyarsa mai laushi. Idan gefen ya tsage, tsakiyar ta ɓullo ta danne jijiyar laka da ke sauka zuwa ƙafa, sai mutum ya riƙa jin zafi kamar wuta daga kwankwaso har tafin ƙafa. Tun 1934, lokacin da likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, Mixter da Barr, suka bayyana wannan ciwo da yadda ake cire ɓangaren da ya ɓullo, aikin ya zama ɗaya daga cikin tiyatar baya da aka fi yi a duniya. Ana kwantar da majiyyaci rub da ciki, a shiga ta baya, a zura wani siririn hantsaki mai cizo cikin faifan a riƙa tsinko gutsattsarinsa.

A nan matsalar take. Zurfin faifan daga baya zuwa gaba bai wuce 'yan santimita ba, kuma likita ba ya ganin bakin hantsakinsa idan ya nutse ciki, da hannu yake jin inda ya kai. Daf da bangon gaba na faifan kuma, babbar jijiyar da ke kawo jini daga zuciya tana rabuwa gida biyu a daidai ƙashi na 4 na ƙugu domin ta nufi ƙafafu, yayin da manyan jijiyoyin da ke mayar da jini suke haɗuwa a wajen ƙashi na 5. Faifan da ke tsakanin waɗannan ƙasusuwa biyu yana cikin waɗanda aka fi yi wa aiki, shi ya sa jijiyoyin da ke kai jini ƙafafu, waɗanda suka gitta ta gabansa, suka fi sauran shan rauni. Lamarin ya yi kama da na magini da ke sassaƙar bango alhali bututun ruwa yana manne da ɗaya fuskar. Idan bangon gaban ya riga ya tsufa ya tsage, ko an taɓa yin aiki a wurin har tabo ya manne jijiya da ƙashi, hantsaki yana iya wucewa ba tare da hannun ƙwararre ya ji wata turjiya ba. Saboda haka ne wasu ke yi wa kayan aikinsu alamar zurfi, wasu kuma suke cika ramin faifan da ruwan gishiri su ga ko zai tsaya ko zai zurare.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda wannan zubar jini ke ɓuya. Sau da yawa ba a ganin jini a wurin da aka yanka, domin hudar da hantsaki ya yi takan rufe kanta, jinin kuma ya kwarara bayan hanji inda akwai sararin da zai ɗauki lita da dama. Kwanciyar rub da ciki ma tana danne wurin na ɗan lokaci, sai an juya mutum rigingine an kai shi ɗakin farfaɗowa sannan awon jininsa ya faɗi, bugun zuciya ya yi sauri, tafin hannu da cikin ido su yi fari, gumi mai sanyi ya karyo, ciki ya fara kumbura yana ciwo. Wanda bai sa wannan a ransa ba, zai iya cewa maganin barci ne bai gama sakinsa ba, a ƙara masa ruwa a jira, alhali lokacin da ake jira shi ne lokacin da ya kamata a buɗe ciki ko a toshe jijiyar. Jarumin finafinan Amurka Jeff Chandler ya rasu a 1961 yana da shekara 42, makonni bayan an raunata masa jijiyar jini a irin wannan aiki, duk da ɗimbin jinin da aka ƙara masa.

Akwai kuma nau'in da ke zuwa a hankali. Wani lokaci hantsaki kan huda jijiyar kai jini da ta mayar da jini a tare, sai ƙofa ta buɗe tsakaninsu, jini ya riƙa tsallakawa ya koma zuciya tun bai isa ƙafa ba. Wasu likitoci biyu, Linton da White, su ne suka fara ba da rahoton wannan a 1945. Mai irin wannan rauni yakan tashi daga tiyata lafiya lau, sai bayan watanni ko ma shekaru ya fara haki, ƙafa ɗaya ta kumbura, zuciya ta gaji da aikin da ya fi ƙarfinta, idan kuma likita ya sa abin sauraro a mararsa ya ji wata ƙara mai gurnani da ba ta yankewa. Wannan ya shafi mutanenmu da ke zuwa Masar ko Indiya a yi musu aiki su dawo gida, domin likitan da za su gani daga baya ba zai danganta ciwon zuciya da tsohon ɗinkin da ke baya ba sai an faɗa masa. Takardun aikin abin adanawa ne, kuma duk asibitin da aka je a ambaci tiyatar ko ba a tambaya ba.

Magani yana nan idan an gane da wuri. Idan majiyyaci yana cikin mawuyacin hali, a buɗe ciki a ɗinke jijiyar ko a yi mata faci; idan yanayinsa ya ba da dama, a ɗauki hoton jijiyoyin, a bi ta matsematsi a zura wani ɗan bututu mai rufi ya liƙe hudar daga ciki. Dukkansu suna bukatar jini a ajiye da likitan jijiyoyin jini a kusa.

Ba na son kowa ya karanta wannan ya guje wa tiyatar da yake bukata. Gaskiya ne yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin makonni ba tare da wuƙa ba, amma wanda ƙafarsa ke mutuwa, ko fitsari da bayan gida suka fara kuɓuce masa, jinkiri ne zai cutar da shi. Abin da nake roƙo shi ne a yi tambaya kafin a sa hannu a takarda: akwai jinin da ya dace da majiyyaci a ajiye, kuma wa za a kira idan jijiya ta samu rauni? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Mai jinya kuma, wanda a asibitocinmu shi ne ke kwana a gefen gado, idan ya ga wanda aka yi wa aiki a baya yana kukan ciki, yana neman ruwa ba ƙaƙƙautawa, jikinsa ya yi sanyi ko yana neman suma, ya tashi ma'aikatan jinya nan take, ya nemi a auna jini a kira likitan da ya yi aikin, ko da tsakar dare ne.