Faifai 12 a Shekara: Wane Gari da Wane Zamani Ake Bari a Baya?

Duk kamfanin da ke karɓar kuɗin mutane wata-wata domin ya zaɓar musu faifan garmaho na hip-hop ya aika musu har gida, gurbi 12 kacal gare shi a shekara. Shi kuwa wannan kiɗa ya haura shekara 50 a duniya, idan aka fara ƙirge daga bikin da DJ Kool Herc ya haɗa a unguwar Bronx ta birnin New York ranar 11 ga Agusta, 1973. Saboda haka duk faifan da aka zaɓa, an ture wasu ɗaruruwa ke nan, kuma wanda ya shekara uku yana karɓar abin da aka zaɓar masa zai tashi da wata fahimta game da tarihin kiɗan, ko mai zaɓen ya yi nufin koyar da shi ko bai yi ba.

A nan Katsina mu 'yan kaɗan ne muka haɗa kuɗi muka yi rajista da irin wannan kamfani ta hannun wani ɗan'uwanmu mazaunin Amurka. Shi yake karɓar fayafayan yana tarawa, idan an sami mai zuwa gida ya ba shi saƙo. Wannan jinkiri ya nuna mana abin da mai karɓa ɗaya bayan ɗaya ba lallai ya lura da shi ba, domin idan aka baje su gaba ɗaya a kan tabarma nan take ake ganin inda zaɓen ya karkata. Ya karkata ne zuwa New York, kuma zuwa shekarun da ke tsakanin 1987 da 1996, sai a ɗan tsarma Los Angeles, sai kuma wani sabon mawaƙi jefi-jefi.

Ba na raina wancan zamani, kuma duk wanda ya saurari Paid in Full na Eric B. da Rakim na 1987, ko Illmatic na Nas na 1994, ya san cewa yabon da ake musu ba na son kai ba ne. Amma ya kamata a tuna cewa manyan kamfanonin kiɗa, da mujallar The Source, da gidajen rediyon da ake ji da su, yawancinsu a New York suke zaune a lokacin, kuma su ne suka fara yanke hukunci a kan abin da za a kira gwaninta. A bikin bayar da kyaututtuka na wannan mujalla a 1995, lokacin da aka kira OutKast na birnin Atlanta su karɓi kyautar sababbin mawaƙa, jama'ar zauren ihu suka yi musu, har André 3000, ɗaya daga cikinsu, ya mayar da martani da cewa Kudu, wato jihohin kudancin ƙasar Amurka, ita ma tana da abin faɗa. Shekaru kaɗan bayan haka Kudun ce ta mamaye kasuwa, kuma salon da ake kira trap, wanda yau ake jin tasirinsa har a wayoyin samarin Kofar Kaura, daga Atlanta ya fito, da saiwoyi a Memphis.

Abin da ya fi damuna shi ne karkatar tana da wani tushe da ba a cika magana a kansa ba, wato shi kansa faifan. A New York masu haɗa kiɗa a wurin biki da gidan rediyo da faifan garmaho suke aiki, saboda haka kusan duk abin da ya fito can an buga shi a faifai tun asali, kuma kamfanonin da suka mallake shi sanannu ne. A Kudu da wasu sassan Yamma kuwa, kaset ne ya ɗauki kiɗan, domin a mota ake sauraronsa. Too Short ya fara ne da sayar da kaset hannu da hannu a titunan Oakland. DJ Screw na Houston, wanda ya rasu a 2000, ya fitar da ɗaruruwan kaset da yake rage wa gudu har murya ta yi kauri, mutane suna layi a ƙofar gidansa suna saye. Matasan Memphis da suka zama Three 6 Mafia sun yi shekaru suna naɗar kaset a ɗaki da kayan aiki masu araha kafin Mystic Stylez ya fito a 1995. Idan kamfani ya tashi sake buga irin wannan aiki a faifai, sai ya nemo ainihin naɗin farko, wanda wataƙila ya ɓace ko ya lalace, sannan ya gano wanda ke da haƙƙin mallaka, alhali wani lokaci babu wata takarda da aka taɓa sa wa hannu. Sake buga faifan New York da aka riga aka buga sau da dama ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ta haka sauƙin aiki yake shigar rigar ɗanɗano ba tare da kowa ya ankara ba.

Haka zancen yake ta fuskar zamani, sai dai an datse shi ne ta kai da ta ƙafa. Daga 1979, shekarar da Rapper's Delight ya fito, zuwa wajen 1984, yawancin abin kirki a faifan waƙa ɗaya yake fitowa, su kuwa waɗannan kamfanoni kundi cikakke suke son aikawa, sai farkon tarihin ya faɗi ƙasa. Bayan faifan CD ya karɓe kasuwa, mawaƙa suka riƙa cika shi har fiye da minti 70, alhali gefe ɗaya na faifan garmaho bai cika wuce minti 22 ba, saboda haka kundin ƙarshen shekarun 1990 sai an raba shi faifai biyu, kuɗin bugu da na aikawa su ƙaru. Shekarun 2000 kuma sun fi kowanne wahala, domin mafi kyawun aikin mawaƙa irin su Lil Wayne a wancan lokaci a mixtape ya fito, inda ake rera sabuwar waƙa a kan kiɗan wani, a raba kyauta a intanet. Tun hukuncin da wata kotun New York ta yanke a kan Biz Markie a 1991, ɗaukar guntun kiɗan wani ba da izini ba ya zama abin da kamfani ke tsoro ƙwarai. Ko De La Soul, da duk sunan da suka yi tun 1989, sai a watan Maris na 2023 tsofaffin kundayensu suka hau manhajojin sauraro, kuma batun izinin guntayen kiɗa yana cikin abin da ya tsare su.

Babba a cikinmu, wanda ya fara tara faifai tun muna yara, bai yarda da ni ba. Ya ce mini, “Kai ƙanena, mu kuɗinmu muka biya domin a aiko mana da mafi kyau, ba domin a yi mana rabon muƙamai shiyya-shiyya ba.” Na ce masa, “Yaya, maganarka dutse ce, amma wa ya auna mafi kyawun, kuma da mudun wane gari?” A ganina, da za a ce wani baƙo ya nemi sanin waƙar Hausa, mu Katsinawa mu yi ta ba shi Shata wata bayan wata, ba mu yi masa ƙarya ba, domin Shata ya isa, amma zai koma ƙasarsu bai taɓa jin kotson Narambaɗa ba, bai ji kuntigin Ɗan Maraya Jos ba, bai ji ƙwaryar Barmani Choge ba, kuma zai ɗauka cewa kalangu shi ne kiɗan Hausa gaba ɗaya. Amfanin miƙa wa wani zaɓi shi ne ya kawo maka abin da kai da kanka ba za ka nema ba, Illmatic kuwa babu mai son hip-hop da yake buƙatar a nuna masa hanyarsa.

Ban ce a raba watanni 12 daidai wa daida tsakanin Gabas da Yamma da Kudu da Tsakiya ba, domin hakan zai tilasta a cusa faifai mai rauni don a cike gurbi. Abin da nake nema shi ne idan aka dubi zaɓen shekara biyu ko uku a jere, a ga Houston da New Orleans da Oakland, a ga Cleveland ta Bone Thugs-n-Harmony da Detroit ta J Dilla, a ga mata irin su MC Lyte da Missy Elliott ba sau ɗaya tak ba. Kuma ƙarfin yin hakan yana nan, tun da a 2022 yawan faifan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na CD a karon farko tun 1987. Kamfanin da ke da dubban masu rajista ya san adadin da zai sayar tun kafin ya kai aiki masana'anta, saboda haka shi ne ya fi kowa iya ɗaukar kasadar bin sawun tsohon kaset, ya biya lauya, ya gyara sauti, ya buga abin da bai taɓa hawa faifai ba.

Akwai kuma shiyyar da ko a lissafin ba ta shiga, wato duk abin da ke wajen Amurka. Prophets of da City sun fitar da kundinsu na farko a Afirka ta Kudu a 1990, Positive Black Soul suna waƙa da Wolof a Dakar tun farkon shekarun 1990, MC Solaar, haifaffen Dakar, ya girgiza Faransa a 1991, Dizzee Rascal kuma ya ci kyautar Mercury a Ingila a 2003. Kusa da mu, Kaidan Gaskiya sun yi tashe a Yamai, M.I ya taso daga Jos, Eedris Abdulkareem a Kano ya girma. Gambarar zamani da samarinmu ke yi da Hausa a Kano da Kaduna da nan Katsina tana rayuwa ne a memori da turawa daga waya zuwa waya, kamar dai yadda ta Memphis ta rayu a kaset, kuma yawancin ɗakunan naɗar sauti namu a kwamfuta ɗaya suke ajiye komai, wadda idan ta lalace shi ke nan. Duk mai ƙaramin situdiyo da ke karanta wannan, ina roƙonsa ya kwafi ainihin naɗin kowace waƙa a wuri na biyu, ya rubuta sunan mawaƙi da mai kiɗa da shekarar da aka yi ta, kuma a sa hannu a takarda kan wanda ya mallaki me.