Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana a jinyar Inna

Salamu alaikum jama'a. Alhamdulillah an sallamo Inna, tana gida Anguwan Rogo a nan Jos, har ta fara takowa tsakar gida tana mana faɗan wanke-wanke, kun ga sauƙi ya samu kenan.

Masu ta tambaya wai me ya same ta, afendis ne, wato kumburin ɗan guntun hanjin nan, kuma ya riga ya fashe kafin a shiga da ita tiyata. Abin da ya ruɗe mu mun san ciwon fa, an taɓa yi wa ƙanina aikin yana sakandare, amma shi nasa a fili yake, ciwo ya faro daga cibiya ya gangaro ƙasan ciki ta dama, ga amai ga zazzaɓi, ko tari ya yi sai ya dafe wurin. Inna kuwa cikin ne kawai ya ɗan kumbura ta daina cin abinci, jikin ma ba wani zafi, wannan ya ce olsa ce, mai kemis ya ce taifot, aka yi ta ɗirka mata magani. Sai da muka kai ta asibitin koyarwa na Lamingo likita ya ce ai haka yake yi wa tsofaffi da yara ƴan ƙasa da shekara 5, alamun ba sa fitowa sosai shi ya sa ake yawan kawo su bayan ya fashe, mai juna biyu ma ciwon kan hauro sama saboda mahaifa ta tura shi. Aka ɗebi jini, aka yi sikanin, aka hana ta ko ruwa, sai ƙarin ruwa da allurai, a daren aka yi aikin. Da yake ya fashe sai da aka wanke cikin aka bar mata roba tana zubar da ruwan, shi ya ja mana daɗewa a kan gado.

Likitoci da nas-nas ɗin dare, ba mu da bakin gode muku, Allah ya biya ku. Kawu da ya fito da mota cikin sanyin Jos ɗin nan ko rigar sanyi bai tsaya sawa ba, Allah ya ƙara girma. Samarin unguwa da suka cika harabar asibiti don ba da jini, matan islamiyyarsu Inna da ba su fasa addu'a ba, da waɗanda suka turo kuɗi ta waya wasu ko suna ba su bari an faɗa ba, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Sai wata baiwar Allah ƴar Birom da ke jinyar ƴarta a gadon kusa da namu, ita ke riƙe Inna zuwa banɗaki in barci ya sace ni, wallahi har yanzu Inna na tambayarta, Allah ya ba ƴarta lafiya.

Masu zuwa dubiya kuna iya zuwa bayan la'asar, amma don Allah a dakata da tuwo da yaji tukunna, kunun acha da faten dankali take iya sha yanzu.