Wrexham, ƙungiyar da ta girmi Kotoko da shekara 71

A majalisarmu ta masu kallon ƙwallo a Aboabo, nan Kumasi, mukan yi tinƙaho da cewa Asante Kotoko ta samo asali tun 1935, abokan hamayyarmu na Accra kuma su tuna mana cewa Hearts of Oak ta girme ta, domin an kafa ta a 1911. Wannan muhawara ce ta sa na waiwayi tarihin Wrexham, ƙungiya mafi daɗewa a yankin Wales na Birtaniya, wadda ke buga wasa a gasannin Ingila.

An kafa ta a 1864, lokacin da 'yan wasan kurket na garin Wrexham suka nemi abin da zai riƙe su a lokacin sanyi. Filinta na Racecourse ya karɓi wasan Wales da Scotland a 1877, kuma ita ce ta fara lashe Kofin Wales a 1878. A 1992 ta doke Arsenal, zakarun Ingila a lokacin, da ci 2 da 1 a gasar Kofin FA.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne shekarun wuya. Ta faɗa rukunin da ke ƙarƙashin manyan gasannin Ingila a 2008, bashi ya yi mata katutu, sai magoya bayanta suka haɗa kuɗi daga aljihunsu suka karɓi ragamarta a 2011. Su ne suka riƙe ta har jaruman fim Ryan Reynolds da Rob McElhenney suka saye ta a 2021, sannan ta haura rukuni sau uku a jere, har ta kai gasar Championship, rukuni na biyu a Ingila, a 2025.